Daminar da Aka Ce Gwangwanin Kawu Ya Riƙe Ruwa

Akwai daminar da ko an ce in manta da ita ba zan iya ba, domin duk shekara da ƙafarta take zuwa ta tuna mini. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, sannan iska ta taso ta watsa shi ba ko ɗigo, sai in tuna kawuna da gwangwaninsa.

A farkon shekarun shari'a ne. Ina sana'ar acaɓa a lokacin, tsakanin garinmu da Zango, wani lokaci har Babban Mutum ko Daura idan na samu mai zuwa. Wanda bai yi acaɓa ba bai san irin abin da ake zuba wa ɗan acaɓa a kunne ba. Mutum zai hau bayanka, bakinsa dab da ƙeyarka, ya yi ta sakin zance tun daga tasha har inda zai sauka, kai kuwa ba damar ka ce ya yi shiru. Saboda haka babu labarin da zai shigo garin nan ko ya fita bai bi ta kan babur ɗina ba. Ga ni da saurin fushi, bakina ba ya ajiye magana, har yau ma matata tana cewa ban sake ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne kuma ladanin masallacin unguwarmu tun kafin in yi wayo. Muryarsa ba wata mai zaƙi ba ce, tana da kaushi, amma da ita garin ke tashi. Ba mu da lantarki, ba mu da lasifika. Wani ɗan tudu ne a gefen masallaci, shi zai hau, ya toshe kunne, ya fara da gyaran murya sau biyu, wanda kowa ya san shi da shi. Ba shi da wata dukiya, gonarsa ma ƙarama ce. Abin da yake da shi a duniya wanda idan an taɓa an taɓa shi, wannan tudun ne.

Gwangwanin kuwa malaman gona ne suka kafa shi a filin bayan gidansa, tun zamanin soja. Gwangwani ne na ƙarfe a kan turke, da mazurari a bakinsa, a ciki da kwalba mai zane-zane. Idan an yi ruwa, Kawu zai dawo daga asuba ya duba inda ruwan ya tsaya a jikin kwalbar, ya zubar, in malamin gona ya biyo a farar motarsu ya gaya masa. Shi ke nan aikin. Sun zaɓe shi ne don ya riga kowa tashi, kuma ba ya ƙarya. Shekara da shekaru abin yana nan tsaye, awaki na sosa jiki da turken, masu wucewa gona su ce, "Ladan, na jiya ya kai na shuka?" Ya ce ya kai, ko ya ce a ƙara haƙuri.

A waccan shekarar ruwan shuka ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya tashi kore shar har ya kusa gwiwa. Sai ruwa ya ɗauke ɗif. Da a ce sama ta yi fes ne, da mun ce fari ne irin wanda aka saba. Amma ba haka ba. Kullum da la'asar hadari zai haɗo, gari ya yi duhu, tsuntsaye su yi tsit, kaji su shige akurki da rana tsaka. Har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa za ka ji yana zuwa daga wani wuri. Mata su kwashe shanya, su jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Daga nan sai wata iska mai zafi ta taso, ta bi hadarin nan ta yayyaga, a ga walƙiya can wajen Nijar ba ko tsawa. Kafin magariba sama ta koma wayam, bokitai na nan a bushe. Ganyen gero ya fara nannaɗewa, mutane suka daina son zuwa gona don kada su gani.

Kuma akwai jirgin. Can ƙololuwar sama yake wucewa, ba ka jin ƙararsa, sai dai farin zare da yake ja a bayansa, ya tsaga sama biyu. Na tabbata ya daɗe yana wucewa ta kanmu. Amma mai ƙoshi ba ya ɗaga kai, sai a daminar nan da kowa ya kafa wa sama ido muka fara ganinsa.

Lokacin kuma zukata a tsaye suke. Ko'ina ka buɗe rediyo gardamar shari'a ake yi, mu kuma mun sa a ranmu cewa akwai manya da abin bai yi musu daɗi ba. Aka fara cewa gwamnati biyu ce a ƙasar nan. Akwai wadda ake zaɓa, ake ganin hotonta a jikin bango, akwai kuma ta ainihi, wadda ba ta da ofis, ba ta da suna, ita ke juya waccan. Kada wanda ke karanta wannan ya yi mana kallon sakarkaru. Mun ga motar taki ta shigo gari da sunanmu, ta juya ta fita da kayanta, ni da kaina na bi sawun tayarta har bakin iyaka. Mun san mutanen da aka ɗauke zamanin soja ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wanda ya ga waɗannan, in aka ce masa ana ƙulla wani abu a ɓoye, ba zai yi dariya ba.

A shagon wani tela na fara jin maganar. Telan nan mutum ne mai daɗin hira, rediyonsa ba ya mutuwa, kullum awon ɗinkinsa na rataye a wuya ko masallaci zai tafi. Na je karɓar wando, na tarar da mutane cike a bencinsa, an yi ƙasa da murya. Da suka gan ni sai suka yi shiru. Na ce, "Lafiya? Ko ni ake ci?"

Telan ya ce, "Ba kai ba ne. Amma tunda ka zo, gara ka ji. Ka san jirgin nan mai farin zare? Shi ke kore hadari. Horo ake yi mana saboda shari'a. Kuma jirgi daga can sama ba ya gane gari sai da abin da zai nuna masa daga ƙasa."

Na ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Kai ma ka sani. Yana bayan gidan kawunka."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na duba na ga ni kaɗai nake yi. Na ce wa ya gaya masa wannan shirme. Ya ce ƙanin matarsa ne, wanda ke gadi a gidan wani babban mutum a Abuja, da kunnensa ya ji ana tsara abin a falo. Ya ƙara da cewa shi bai ce Ladan ya sani ba, mai yiwuwa amfani da shi ake yi. Amma farar motar nan da ke zuwa wurinsa, wa ya taɓa ganin abin da ke cikinta?

Cikin 'yan kwanaki maganar ta cika gari, kuma kullum in na ɗauko fasinja sai in ji ta ƙara ƙiba. Yau a ce gwangwanin yana ƙara da tsakar rana in ka kara kunne. Gobe a ce an ga mazurarin yana juyawa yana bin jirgin. Mai cewa Kawu bai sani ba ya ragu, mai cewa albashi ake ba shi ya ƙaru. Masu wucewa gona suka canja hanya, suna zagayawa ta bayan makabarta don kada su bi ta filin.

Ranar da aka fita roƙon ruwa na ga inda maganar ta kai. Gari duka ya fita filin idi, da tsofaffi, da yara, har da dabbobi, maza mun juya rigunanmu bai-bai kamar yadda ake yi. Aka ce a daidaita sahu. Kowa ya san sahu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa. Ina daga baya na hango Kawu a sahun farko, inda ya saba tsayawa, da fili a damansa, da fili a hagunsa, kowanne ya isa mutum ya shiga. Ba wanda ya shiga. Liman ya waiwayo ya gani, ya kau da kai ya ta da salla. Muna cikin addu'a hadari ya fara haɗowa, mutane na kuka suna amin. Sai ga farin zaren nan ya ratso ta gefen hadarin a hankali, ba ƙara ba komai. Iska ta taso. Filin nan kaf aka juya ana kallon tsoho ɗaya da rigarsa a juye.

Da yamma na same shi a zaure. Na ce, "Kawu, don Allah ka tumɓuke abin nan ka jefar, a huta."

Ya ce, "Ba nawa ba ne, ɗan nan. Amana aka ba ni."

Na ce, "Amanar gwangwani? Za su raba ka da masallaci fa."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "In na cire da hannuna, na ce musu gaskiya suka faɗa ke nan. To shekarun da na yi ina tashinsu salla fa, da wane baki na yi?"

Raina ya ɓaci, da shi da su duka. Na ce to ni zan nemo uban maganar nan. Ƙanin matar tela dai mutum ne, yana da dangi, wani zai san yadda ake samunsa a Abujar. Ranar kasuwar Zango na shiga tambaya, aka yi ta tura ni daga wannan zuwa wancan, har wani ya ce, "Wai mai rake? Ga shi can gindin darbejiya." Na je na tarar da mutum zaune yana feraye rake, ƙafarsa duk faso. Na gaishe shi, na ce yaushe ya dawo daga Abuja.

Ya ce, "Ni da Abuja? Na dai taɓa zuwa wani gari kusa da ita na yi turin baro, da daɗewa. Ko ƙofar gidan babban mutum ban taɓa tsayawa ba."

Na ce to maganar jirgi da gwangwani fa, an ce daga bakinsa ta fito.

Ya ce, "Na faɗa, amma ni ma ji na yi. Direban motar Daura ne ya ba ni labari, shi kuma wani fasinja ya gaya masa, ɗan garinku ma. Ya ce wani ne mai awon ɗinki a wuya."

Wallahi nan take, a tsakiyar kasuwa, na gane telanmu ake nufi. Na bi direban har tasha na tambaye shi. Ya tuna. Ya ce telan bai ce haka ne ba, tambaya ya yi. Suna tafiya ya leƙa taga ya ga zaren jirgin, ya ce anya ba wannan ke kore mana hadari ba, anya gwangwanin nan na garinmu ba da shi yake aiki ba? Direba ya kai wa mai rake, mai rake ya kai wa yayarsa da ya je gaishe ta, yayar ta gaya wa mijinta. A hanya "anya" ta faɗi, Abuja ta hau. Telan ya karɓi tambayarsa ta dawo masa da babbar riga, bai gane ta ba.

Na taho gida ina gudu kamar zan tashi sama, ina ganin na gama da maganar. Na tsaya a ƙofar shagon ko injin ban kashe ba, na zayyana musu komai. Telan ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai cikin tausayi, ya ce, "An riga ka zuwa wurinsa. Ka zaci wanda ya ji irin wannan sirri zai amsa maka a kasuwa? An ja masa kunne ne." Na ce to malamin gona ya zo ya yi bayani mana. Wani ya ce ai tun da aka fara maganar nan, farar motar ba ta sake zuwa ba, sun san an gano su. Na ce ba a yi ruwa ba, me zai zo ya ɗauka? Telan ya ce, "Ka ga kuwa. Ya san ba za a yi ba." Na tabbata da motar ta zo a ranar, cewa za su yi ga shi nan an turo shi ya gyara na'ura. Na yi ta zage-zage har aka riƙe ni, wanda kuma bai ƙara wa Kawu komai ba sai cewa da aka yi ɗan ƙanwarsa ma an saye shi.

Washegari Kawu ya hau tudu ya kira azahar. Ni da wasu tsofaffi biyu muka amsa. Sauran suka shimfiɗa buzu da tabarmi a gindin wata tsamiya, suka yi tasu can. Bayan la'asar liman ya zo da kansa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Malam Ladan, ka ɗan huta kwana biyu, har ƙura ta lafa." Kawu ya ce to.

Suna cikin wannan magana samarin unguwa suka nufi filin bayan gida, dattawa na biye da su daga nesa. Abin da har yau ke damuna shi ne shirun. Da a ce ihu suke yi, da jifa, da na san yadda zan yi da su. Ba mai magana. Suka kewaye turken, kowa na tsoron ya fara taɓawa, har wani ya naɗe hannunsa da rawani ya kama. Suka girgiza shi ya fito, suka ɗauke shi a nesa da jikinsu kamar mushe, suka kai wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bayan gari suka saka. Muka tsaya muna jiran mu ji ƙarar faɗuwarsa. Ba mu ji ba. Na san yashi ne a ƙasan rijiyar, amma a lokacin ba wanda ya tuna da yashi.

Ba mu kai gida ba hadari ya haɗo. Iskar da ta taso wannan karon mai sanyi ce. Aka yi tsawa ɗaya da ta girgiza ƙasa, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Zan faɗi gaskiya, ina tsaye a cikin ruwan nan na ji zuciyata tana cewa, anya? Ni da na ga mai rake da idona, ni da na ji daga bakin direba. To ina ga wanda bai je Zango ba?

Gari ya ɗauki kabbara da guɗa. Na shiga zauren Kawu a jiƙe sharkaf, na same shi tsugune a bakin ƙofa, ya miƙa wani kwanon sha waje yana tarar ruwa. Daga masallaci muka ji wata sabuwar murya, ta saurayi, tana kiran magariba. Kawu ya saurara har aka gama, yana amsawa a hankali. Sannan ya jawo kwanon ya tsoma yatsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan zai kai jijiya."

Da safe na ɗauki wani fasinja zuwa Sandamu. Hanya duk taɓo, Zango ta sha ruwa, kowane ƙauye muka ratsa ya sha. A tasha na haɗu da fataken dabbobi daga Nijar, suka ce su tun hantsin jiya ruwan ya same su can gabas, tare da shi suka yi ta tafiya. Wato yana hanya tun kafin a taɓa turken Kawu. A Sandamu kuma, a bayan wata makaranta, na ga gwangwani irin namu sak, da turkensa da mazurarinsa, ba wanda ya cire shi, kwalbarsa cike da ruwa.

Na dawo na gaya wa telan, a gaban mutane. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Namu ne uwar. Da aka kashe uwar, 'ya'yan suka saki." Daga ranar ban sake kai masa ɗinki ba, ban kuma sake yi masa gardama ba, domin na gane babu abin da zan kawo wanda maganar nan ba za ta haɗiye ta ƙara ƙiba da shi ba.

An yi amfani mai kyau a shekarar, rumbuna suka cika. Kwana biyun da liman ya ce ba su ƙare ba har kaka ta wuce. Ba wanda ya kori Kawu, ba kuma wanda ya ce ya dawo. Ana gaishe shi sama-sama, a sahu kuma filin nan bai rufe ba sai in ni na shiga. Da rani ya tattara ya koma wurin 'yarsa a Babban Mutum, can ya rasu bayan 'yan shekaru, Allah Ya jiƙansa. A garinmu har gobe in ana lissafin shekarun yaro za ka ji an ce an haife shi shekarar da aka cire gwangwani.

Ban ce ba a ƙulla abu a ɓoye a ƙasar nan ba. Ana yi, na ga sawun tayar motar taki. Amma wannan yana da sawu, ana iya binsa, wani ma ya bi ya ga abin da ka gani. Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, in an kawo mini labarin waɗansu manya marasa suna, in tambayi wanda ya gani da idonsa, in kuma tashi in je in same shi, domin mai yiwuwa rake yake sayarwa a Zango. In kuma tambayi mai ba ni labarin, me zai faru ka yarda ka yi kuskure? In ya ce babu, in zuwan mota hujja ne rashin zuwanta ma hujja ne, to ba labari yake ba ni ba, tsoronsa yake raba mini. Sannan in duba a kan wa abin zai sauka. Waɗanda ake cewa suna juya ƙasa daga ɓoye, ko suna nan ko ba sa nan, hannunmu bai kai gare su ba. Wanda hannunmu ya kai gare shi tsoho ne mai ƙaramar gona.

Da na je ta'aziyya, 'yarsa ta ce mini har ya bar duniya bai daina tashi kafin asuba ba. Takan ji shi daga ɗakinsa ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya kira sallar tun daga farko har ƙarshe, ƙasa-ƙasa, yadda ba zai tashi kowa ba.